Wuƙar aljihu: kayan aiki ce, ado ce, ko neman magana?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ga hoton wata 'yar wuƙa mai naɗewa da wani kawuna ya ba ni. Siririya ce ƙwarai, mariƙinta farin ƙarfe ne zalla, ba ice ba ƙaho, an zana tambarin Agadas a jiki, an rubuta El Baraka. Shin aikin maƙeran Buzaye ne? Sannan ina so in riƙa yawo da ita a aljihu saboda 'yan hidindimun shago, yanke zaren buhu da buɗe kwali, amma uwargida ta ce ba da ita ba. Masana ku yi mana bayani.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, ba aikin Agadas ba ne, ko da yake tambarin namu ne. A Faransa aka ƙera ta, a garin Thiers, wanda shi ne garin maƙeran wuƙa na ƙasar tun zamanin da. Kamfanin Cognet ne ke yin ta. Uwarta ita ce wadda ake kira Douk-Douk, da aka fara yi a 1929. Da fari tsibiran tekun Fasifik aka nufa da ita, shi ya sa aka zana wani dodon mutanen can a jikin mariƙin. Kasuwa ba ta yi ba a can, sai aka juyo da ita Afirka ta Arewa, nan kuwa ta karɓu. To ka san Musulmi da hoton dodo, sai suka fito da wannan mai tambarin Agadas. Juya ta ka duba da kyau: mariƙin falle ɗaya ne na ƙarfe aka ninke, sai ruwan wuƙar, sai sifirin a baya mai riƙe ruwan in an buɗe, ƙusa biyu, da 'yar zoben ratayewa. Shi ke nan. Ba abin da zai lalace a ciki. Tsofaffinmu a nan da yawa sun riƙe irinta.

Baban Ilham: Ikon Allah. Ni da na ɗauka daga Abzin ta fito. Na gode ɗan'uwa.

Ɗan Damagaram: Ƙari kuma, tana da tarihi mai ɗaci. Lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, 1954 zuwa 1962, an yi amfani da ita wajen kai hare-hare saboda ga araha ga sauƙin ɓoyewa, har hukumomin Faransa suka hana shigar da ita Aljeriya.

Maman Sadik: To kun ji. Da bakinku kuka faɗa. Abin da aka kashe mutane da shi ne ake tambaya ko a saka a aljihu a shiga gari. Baban Ilham, don Allah ka ji maganar matarka. A Kanon nan da muke ciki, wace unguwa ce ba a yi kukan masu ƙwacen waya ba? Duk da me suke yi? Da wuƙa. Har majalisar tsaron jiha ta ce a 2023 za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A irin wannan yanayi mutum mai iyali ya ce sha'awarsa ita ce yawo da wuƙa? Ni ban gane ba wallahi.

Kawu Direba: Hajiya, a yi haƙuri, amma wuƙar 'yan daba daban, wannan daban. Tun ina yaron mota nake da wuƙa a aljihu, yau ga furfura, ban taɓa nuna wa ɗan Adam ita ba. Kan hanya kake, igiyar tamfol ta cije, da haƙori za ka yanke? Tiyon ruwa ya fashe a daji, sai ka datse bakin da ya lalace ka mayar ka ɗaure. Waya ta tsinke, ka fere roba ka haɗa. Ga rake, ga kankana, ga balangu in an tsaya cin abinci. Tawa Okapi ce, mai 'yar zobe a baya da ake ja kafin ta rufe. In ka buɗe ta tana yin ƙara-ƙara-ƙara, yaran mota duk sun san sautin.

Ɗan Damagaram: Kawu ka riƙe tsohuwar hannu. In an buga Germany a gindin ruwanta, adana ta da kyau. A Solingen ta Jamus aka fara yin Okapi a 1902, don kasuwar Afirka aka yi ta tun asali. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Masu tara wuƙa sun fi neman ta Jamus ɗin.

Kawu Direba: Rubutun ya goge tuntuni ɗana, wasawa ta cinye kusan rabin ruwan. Wa zai saye ta a haka.

Bahaushen Shafil: Ni a wurina wannan ta Kawu ta fi wadda ke cikin kwali daraja, amma bari in dawo kan maganar Hajiya tukuna, don tana da gaskiya fiye da yadda maza a nan za su so su amsa. Ina zaune a Sheffield ta ƙasar Ingila, garin da ya yi suna a duniya da ƙirar wuƙa shekaru ɗaruruwa. Duk da haka a nan doka ba ta wasa. Dokar 1988 ta ce abin da za ka iya yawo da shi ba tare da an tambaye ka dalili ba shi ne wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma ba ta da makulli. Da zarar tana kullewa in an buɗe, ko da ƙarama ce, sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili, kamar aikinka ne ya buƙata. Kuma "don kare kaina" ba dalili ba ne, shi ne ma zai jefa ka cikin ruwa. Hukunci yana kaiwa shekara 4 a gidan yari. Okapin Kawu a nan ba ta halatta a yi yawo da ita haka kawai ba, saboda zoben nan makulli ne. Ta Baban Ilham ba makulli, sifirin ne kawai ke riƙe ta, sai dai a auna tsawon.

Abin da nake so in fitar shi ne, masu wannan sha'awa a nan sun daidaita kansu da dokar, ba su tsaya jayayya ba. Shi ya sa tsofaffin samfura marasa makulli suka dawo kasuwa da ƙarfi.

Maman Sadik: Su can suna da ma'auni, inci kaza. Mu nan wa zai tsaya aunawa? A tare ka a shingen bincike da dare, a laluba aljihu a ji ƙarfe, kafin ka ce "ta fere lemo ce" ka riga ka kwana a bayan kanta. In matashi ne ma abin ya fi muni.

Bahaushen Shafil: Ban musa ba Hajiya. Ko ni in na zo gida ba na shiga cikin gari da ita da dare.

Auta: Ni fa tambayata daban. Me ake ji a tara wuƙaƙe? Na ga wani a Facebook ya jera sun fi talatin a kan darduma. Hannu biyu gare shi, aljihu biyu. Sauran na mene ne?

Bahaushen Shafil: Auta, kai hula nawa gare ka, kai nawa gare ka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma bari in gaya maka abin da ke jan mutane, don ba kaifin ba ne. Kowace tsohuwar wuƙar aljihu akwai sana'ar da ta haife ta, in ka iya karanta siffarta za ka ga mutanen da suka riƙe ta. Ɗauki ta Amurka da ake kira Stockman, ruwa uku gare ta a mariƙi ɗaya: dogo mai tsini na aikin yau da kullum, mai miƙaƙƙen kaifi na yankan igiya da fata, da gajere mai dunƙulallen baki wanda makiyaya ke fiɗiye maruƙa da shi, an dunƙule bakin ne don kada ya soki dabba in ta zabura. Laguiole ta Faransa, wadda ta samo asali a wani ƙauyen makiyaya wajen 1829, an ƙara mata basilla a baya, da ita ake huda cikin saniya in ya kumbura don iska ta fita. Wanda ya taɓa kiwo ya san wannan matsala.

Sai kuma wasan gane shekaru. Kamfanin Case na garin Bradford a jihar Pennsylvania, wanda tarihinsa ya faro daga 1889, ya fito da wata dabara a 1970: suka buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙa, kowace shekara su cire ɗaya. Ka ga ɗigo bakwai, ka san ta 1973 ce. Mutum sai ya ɗauki tabarau yana ƙirga ɗigo a kasuwar gwanjo, yana jin daɗinsa. Mariƙin kuma ƙashin ƙafar shanu ne ake rinawa a sassaƙa, ba biyu da suke zama iri ɗaya sak.

Auta: To ai ka ga ni yanzu har na fara jin sha'awa, Allah ya raba mu da abin da zai cinye kuɗin cefane.

Malam Na Tsangaya: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Wuƙa ƙarama ba baƙuwa ba ce a hannun malamai. Kafin reza ta yi yawa, da me ake fiƙe alƙalamin kara? Kowane gardi yana da 'yar wuƙarsa a cikin gafaka ko aljihu, ya fere bakin alƙalami, ya tsaga shi daidai yadda zai riƙe tawada. Wanda wuƙarsa ba ta ci, rubutunsa ma ba ya kyau. Saboda haka riƙe ta don aiki ba abin zargi ba ne.

Sai dai addini ya yi mata ladubba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ko da wasa ne. Ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. An kuma hana miƙa takobi a zare. Duk wannan ya hau kan wuƙar aljihu: in za ka miƙa wa wani, rufe ta tukuna. Kada ka zauna a majalisa kana buɗewa kana rufewa kana tsorata mutane. Game da tarawa kuwa, ba zan ce haramun ba ne, amma mutum ya tambayi kansa, in akwai bashi a kansa ko yara ba kuɗin makaranta, wuƙa ta ashirin ta zama almubazzaranci.

Bahaushen Shafil: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Ta ashirin ɗin ce dai ta ɗan taɓa ni.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri Malam. Amma gardi a tsangaya yake, makiyayi a daji, Kawu a kan hanya. Baban Ilham a tsakiyar kasuwa yake, yana hawa adaidaita sahu safe da yamma. Ya ajiye ta a durowar shago mana, ai can aikin yake. Me ya kai ta aljihu?

Baban Ilham: Hajiya kamar kun haɗa baki da uwargida, kalmar da ta faɗa ke nan.

Kawu Direba: A nan kam na bi bayan Hajiya. In aikin a wuri ɗaya yake, wuƙa ta zauna a wurin. Ni motata ce shagona.

Injiniya Mai Sola: Ni ina da matsakaicin ra'ayi. Aikina hawa rufi ne da haɗa wayoyi, kuma abin da nake riƙewa shi ne 'yar jar nan ta sojan Suwizalan, Victorinox. Dalilina ba wai ta fi sauran kaifi ba ne, a'a, ƙarfenta ma yana da ɗan laushi, yana saurin dakushewa, sai dai yana saurin wasuwa. Dalilin shi ne ba ta ba mutane tsoro. In na fito da ita a gidan mutane, abin da ake fara gani sukundireba ne da almakashi da mabuɗin gwangwani, har yara su matso suna kallo. Fito da Okapi a falon Alhaji ka ja ta ta yi ƙarar nan, ka ga yadda fuskoki za su canza. Siffa tana magana kafin mai ita ya buɗe baki. Karl Elsener ya kafa masana'antar a Ibach a 1884, ya fara ba sojan ƙasarsu wuƙa a 1891, kuma ita ta sojan an sa mata sukundireba ne don kwance bindiga, da mabuɗi don abincin gwangwani.

Gargaɗi ɗaya: jabu ta cika kasuwa. Ta gaske in ka rufe za ka ji ta koma da ƙarfi, tas, ba ta girgiza hagu da dama, kuma sunan kamfanin yana buge a gindin babban ruwan. Jabun kuwa almakashinta ko takarda ba ya yankawa, taunawa yake.

Ɗan Damagaram: Maganar jabu, Laguiole ta fi kowa shan wahala. Sunan ƙauye ne, ba na kamfani ɗaya ba, saboda haka kowa bugawa yake. Da yawa daga cikin masu siffar ƙudan zuma a wuya, alamar da aka san Laguiole da ita, da ake sayarwa da araha daga Sin ko Pakistan suke. In ba ka ga sunan maƙerin da ya yi ta ba, ƙudan zuman kaɗai ba shaida ba ne.

Hajiya Mai Kilishi: Ku maza kuna ta tarihi. Ni tambayar aiki gare ni. Ɗana ya kawo mini tsarabar wata mai mariƙin ice, Opinel, lamba 8. Kaifi kam ban taɓa riƙe irinta ba, tana shiga nama ba gardama. Amma kwana kaɗan ruwan ya yi baƙi-baƙi, da na bar ta da danshi kuma sai ga tsatsa ja. Da damina ta zo ma ƙin buɗuwa ta yi sam. Lalatacciya aka sayo mini ko kuwa?

Ɗan Damagaram: Hajiya lafiyarta ƙalau. Iri biyu suke yi. Duba jikin ruwan, in an rubuta Carbone baƙin ƙarfe ne, in Inox ne to ba ya tsatsa. Taki ta farko ce. Baƙin da kika gani ba illa ba ne, nama da albasa da lemon tsami ne ke rina shi, kuma in ya zauna yana ɗan kare ƙarfen. Jan shi ne abokin gaba. Da kin gama aiki ki wanke, ki goge ta bushe nan take, ki shafa ɗan man gyaɗa. Kada ki jiƙa ta a cikin roba tare da kwanuka. Tsatsar da ta riga ta fito, toka da ɗan tsumma sun isa.

Ƙin buɗuwa kuma ice ne ya sha danshi ya kumbura ya matse ƙarfen. Mutanen Savoie, inda Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890, suna da dabararsu: ki riƙe ta ta wajen wuya, ki buga ƙarshen mariƙin a kan teburi, bakin zai leƙo ki kama. Da hunturu ya shigo za ki ga ta saki da kanta, har ta yi sako-sako. Zoben da ke wuyanta ki riƙa murɗa shi in kin buɗe, shi ne makullin, a 1955 aka ƙara shi. Ƙananan, lamba 2 zuwa 5, ba su da shi.

Hajiya Mai Kilishi: Madalla. Na gwada bugawar yanzu, ta buɗe. Wasawa fa? In ba mai injin nan da ke zagayawa?

Jikan Maƙera: Kul, Hajiya! Kada ki ba shi. Ba don ba su iya aikinsu ba, injin na adda ne da gatari da manyan wuƙaƙen mahauta. Siririn ruwa irin wannan, daƙiƙa kaɗan a kan dutsen inji sai ya ɗau zafi, ki ga bakin ya yi shuɗi. Da ya yi shuɗi taurin ya tafi, ko kin wasa ba zai riƙe kaifi ba. Ga kuma cin ƙarfe. Ki samu dutsen wasa wuƙa mai laushi, ki ɗiga ruwa, ki kwantar da ita ki ɗan ɗaga bayanta kaɗan, ki riƙa ja a hankali, gefe da gefe daidai wa daida. In kin shafa yatsa daga baya zuwa baki kika ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso a ɗaya gefen, to kin kai. Sai ki goge a bayan fata yadda wanzamai ke yi wa aska. In ba dutse a kusa, kife kofin tangaran, zoben gindinsa da ba a shafe ba yana wasawa sarai.

Malam Na Tsangaya: Kuma kaifin nan ibada ne a wurin yanka. An umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka. Sai dai kada wani ya ji an yabi wuƙar aljihu ya tunkari ragon layya da ita, tsawonta bai isa ba, azabtarwa ce. Kaza dai ko tantabara.

Auta: Jikan Maƙera, tunda ka fito, bari in tsokane ka. Faransa, Jamus, Amurka, Suwizalan. Har tambarin Agadas sai da Bature ya buga ya sayar mana. Ku me kuke yi? Ina wuƙar aljihu ta Bahaushe?

Jikan Maƙera: Tsokanar ta karɓu. Amsa ta farko, mu tamu ba naɗewa take ba, kube gare ta. Maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka mata kube, a ɗaura a ƙugu ko a damtse yadda Buzaye da Fulani ke yi. Mai babbar riga da ɗamara bai buƙaci ta naɗe ba. Kuma ta kube ta fi ƙarfi, ba mahaɗin da zai karye. Har gobe in aikin fawa ne ko fiɗa, wuƙar da muka buga daga sifirin ɗin tsohuwar mota ba ta jin kunyar kowace wuƙa.

Amsa ta biyu ita ce gaskiyar da ba ma son faɗa. Ruwan wuƙa ba wuya. Wuyar tana ga ɗan sifirin ɗin baya. Shi ruwa so ake ya yi tauri, shi sifirin so ake ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai bai karye ba bai saki ba. Wuta ɗaya ba ta yi musu. Mu da gawayi da zugazugi muke aiki, da ido muke auna zafi, mu ga ja ya kai mu tsoma a ruwa ko baƙin mai. In ka ba sifirin tauri irin na ruwan wuƙa, buɗewa uku ya ɓalle. In ka sassauta da yawa, ya zama waya. Sannan gindin ruwan da ke gogar sifirin sai an ci shi da magagari daidai, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya sa ta riƙa rawa. Kwana biyu kana kan wuƙa ɗaya, ga ta Sin a tire a bakin titi da kuɗin da bai kai na gawayinka ba. Wa zai biya ka? Shi ya sa muke buga fartanya da lauje mu ci abinci.

Bahaushen Shafil: Wannan bayani ya fi duk abin da aka faɗa yau. Amma ɗan'uwa, ba dole sai da sifirin ba. Japanawa suna da wata, Higonokami, da ake yi a garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19. Falle ɗaya na tagulla ko ƙarfe a ninke, ruwa, ƙusa ɗaya. A bayan ruwan an bar wani ɗan wutsiya, da shi ake buɗewa, in ta buɗe kuma babban yatsa ke danne shi. Ba sifirin ba makulli. 'Yan makarantar Japan da ita suke fiƙe fensir. Abin da ya kashe kasuwarta zai yi wa Hajiya Maman Sadik daɗi: a 1960 wani matashi ya soke ɗan siyasa Inejiro Asanuma har lahira, da gajeren takobi ma ba da irin wannan ba, amma gangamin da ya biyo baya ya sa aka raba yara da wuƙa a makarantu. Masu ƙera ta suka yi ta rufewa, yau gida ɗaya ne ya rage mai ikon amfani da sunan, gidan Nagao.

Maman Sadik: Daɗi kuma? Rai aka rasa. Amma ka ga ko su da suka ga abin ya zo wuya yara suka fara karewa. Ni duk maganata ke nan. Ku manya ku yi ta tarawa a akwati, ba ruwana. Kada dai ɗan shekara goma sha biyar ya ga babansa da ita a aljihu kullum ya ce shi ma gaye ne.

Injiniya Mai Sola: A nan ne muka ɗan saɓa Hajiya. Yaron da bai taɓa ganin wuƙa a hannun mai hankali ba, a wurin wa zai koyi abin da ake yi da ita? A wurin 'yan bakin layi. Ni na zaunar da babban ɗana na nuna masa: yanka yana tafiya nesa da jiki, yatsu ba sa kan hanyar rufewa, ba a ɓanɓare murfi da tsini, in an gama a rufe a mayar inda take. Ba ya fita da ita, amma a gida shi ke fere wa ƙannensa rake.

Maman Sadik: A gida, a gabanka. Wannan ai ba mu yi musu ba.

Kawu Direba: Abu ɗaya da ba a faɗa ba, masu tafiya Umara da Hajji da sauran masu hawa jirgi. A saka ta cikin babbar jakar da ake aunawa. In tana jakar hannu ko a maƙale da makullai, a wurin bincike za a karɓe, kuma ba a dawo da ita. Wani abokina haka ya rasa wadda ya gada.

Injiniya Mai Sola: Gaskiya ne. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 abin ya tsananta. Su kansu masu yin ta Suwizalan sun ji a jikinsu, don a filayen jirgi suke cin kasuwa sosai. Wenger, kamfani na biyu da ke yi wa sojansu wuƙa, bai farfaɗo ba, a 2005 Victorinox ta saye shi.

Jikan Maƙera: Bahaushen Shafil, turo mini hoton ta Japan ɗin nan, a buɗe da a rufe, da na wajen ƙusar kusa-kusa. In dai yadda ka faɗa ne, wannan ba ta fi ƙarfinmu ba. Tagulla akwai, ƙaho kuwa a mayanka ake tara shi buhu-buhu. Ina ganin ma ƙaho zai fi daɗin riƙo da zafin nan namu, ƙarfe in ya wuni a rana ba ya taɓuwa.

Ɗan Damagaram: In za ka yi da ƙaho, nemi wanda ya daɗe da bushewa. Ɗanye yana murɗewa daga baya ya saki ƙusa.

Kawu Direba: To ni na yi layi, tawa ta kusa ƙarewa. Kada ruwan ya wuce tsawon yatsa, bakin a dunƙule ba tsini, don Hajiya ta bar mu mu sha iska. A huda ƙarshen mariƙin in zura igiya.

Auta: Ni ma ɗaya, in farashin na talaka ne.

Jikan Maƙera: Ku dakata in gwada ta farko tukuna, kada ku ba ni wuƙa da nama tun ban ga hoton ba. Kuma ba kafin Babbar Sallah ba, yanzu aikin wuƙaƙen layya ya sha mana kai, mahauta sun cika maƙera. Bayan sallah in Allah ya kai mu zan saka hoton abin da ya fito, mai kyau ko marar kyau.